Tun da ya dawo daga bakin daga, kwaɗon gida ya hana mu barci

Assalamu alaikum Gwaggo. Daga nan cikin garin Sakkwato nike rubuto miki. Maigidana tsohon soja ne, shekara 22 ya yi cikin kaki, ukun ƙarshe a Borno. Shekara huɗu ke nan da ya aje aiki. Ɗiyanmu biyar.

Tun da ya dawo barci ya ƙaurace mai. Shina firgita cikin dare, jiki sharkaf da zufa, shina kiran sunan wani yaron soja da anka kashe a wurin gadin da shi da kainai ya tura shi. Shi ya ɗauko gawar. Ko salansar kabu-kabu ta buga sai ki gan shi ƙasa. Wanga duk mun saba. Abin da ya ƙaru cikin shekara biyun nan shi ya ɗaga min hankali. Kullum dare sai ya duba kwaɗon get sau bakwai, in anka yi mai magana tsakani sai ya koma farko. In ya kwanta sai ya tashe ni: “Kin tabbata na kulle?” In ce na tabbata. Bayan minti goma ya sake. Alwala kuwa sai ya ƙarar da buta uku, har a sallame bai shiga sahu ba. Shina wanke hannu da omo har sun tsage, wai jini bai fita ba.

Da layyar bana ya ƙi yanka ragonai, ya tattara wuƙaƙen gida ya ba maƙwabci ajiya. Da na matsa, sai ya fashe da kuka, ya ce tunani ka zo mai cewa zai yanka autanmu, shi kuwa ya fi son yaron nan da rainai. Bai taɓa ɗaga hannu ga kowa ba. An yi ruƙiyya sau uku. Innarsa ta ce sammu ne, yayana ya ce in kwashe ɗiya in dawo gida. Gwaggo, hauka ne? Zai cutar da yaron? In tafi ko in zauna?

Matar tsohon soja, Sakkwato

Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu da ɗawainiya. Na lura duk tsawon wasiƙarki ba ki ambaci naki barcin ba, alhali wadda ake tashi kowane minti goma a tambaye ta kwaɗo ita ma ba barci take ba. Za mu zo kanki.

Bari in fara da wuƙa, don na san ita ta sa kika ɗauki waya kika rubuto. Ban ga maigidanki ba, kuma ba a auna mutum ta wasiƙa, likita ne zai zauna da shi ya tantance. Amma dubi abin da kika faɗa da bakinki. Tunanin ya zo masa, ya tsorata, ya kwashe wuƙaƙe ya kai maƙwabta, ya bar ragon layyarsa, ya yi kuka a gaban matarsa, shi da ya yi shekara 22 yana ba da oda. Mai niyyar cutarwa ba haka yake yi ba. Wannan siffar sananniya ce wurin likitocin ƙwaƙwalwa: mugun tunani ya faɗo wa mutum ba da sonsa ba, kuma ya zaɓi abin da mutumin ya fi ƙauna ya ɗora a kai. Mai jego takan ji kamar za ta saki jaririnta a rijiya, mai yawan ibada yakan ji kalmar saɓo tana yi masa yawo a ka yana tsakiyar sallah. Masu irin wannan waswasi ba a san su da aikata abin da suke tsoro ba, wahalarsu ita ce tsoron kansa. Kusan kowa irin wannan tunani yakan gifta masa, ya wuce kamar ƙuda. Mai ciwon ne yake cafke shi, ya ce tunda na yi tunaninsa to ni mugu ne, ya shiga kokawar korarsa. Gwada ki gani: ce wa kanki kada ki tuna farin raƙumi na minti ɗaya. Raƙumin nan sai ya cika miki ɗaki.

Ko a zamanin Sahabbai an kai wa Manzon Allah (SAW) irin wannan kuka. Suka ce suna jin wani abu a zukatansu da suke ganin girman su furta shi, ya ce musu wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Ki gaya wa maigidanki wannan, watakila ya daɗe yana ɗaukar kansa a matsayin wanda Allah ya yi fushi da shi.

Duk da haka akwai abubuwan da nake so ki sa wa ido, don su ne haɗarin gaske a gidan tsohon soja mai irin wannan hali. In akwai bindiga ko harsashi a gidan, a fitar da su yau, ta hannun wanda ya dace. Kada yaro ya riƙa tashinsa daga barci ta hanyar taɓa shi ko faɗa masa a jiki, mai mafarkin yaƙi yakan kai duka kafin ya gane inda yake, a kira sunansa daga bakin ƙofa. In ya fara shan ƙwaya ko giya don ya samu barci, ko fushinsa ya fara kaiwa ga fasa kaya da barazana, ko ya fara jin muryoyi suna ba shi umarni, ko yana maganar yaron cikin sanyin rai ba tare da wannan firgicin ba, to magana ta canza: ki ɗauke yara daga gabansa, a kai shi asibiti a ranar. Sannan ki tambaye shi kai tsaye, a lokacin da kuke ku biyu, ko ya taɓa jin gara ya mutu ya huta. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Mutumin da ya yarda shi haɗari ne ga ɗansa yakan fara ganin gidan zai fi zama lafiya in babu shi, kuma wannan ya fi ba ni tsoro a kan wuƙar. In ya ce eh, kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira gobe.

To, mene ne ke damunsa? Yadda kika zayyana, ina ganin ciwo biyu ne suka haɗu a jiki ɗaya, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro da taifot kan haɗu, a yi ta maganin ɗaya ana mamakin jiki ya ƙi daɗi.

Na farkon shi ne wanda kika ce kun saba da shi. Likitoci suna kiransa PTSD, ni ina ce masa tabon firgici. Mutum ya ga mutuwa ido da ido, abin ya wuce, amma jikinsa bai samu labarin ya wuce ba. Sai abin ya riƙa dawo masa a mafarki ko a farke, ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, ya zama kullum a ɗarare, ga zargin kai. Hausawa sun riga sun faɗa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. In wannan ya wuce wata guda yana hana mutum rayuwarsa, ya zama ciwo. Ba sabon abu ba ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1915, likitocin Ingila sun rubuta labarin sojojin da ke rawar jiki da firgita, suka ɗauka ƙarar igwa ce ta girgiza musu ƙwaƙwalwa. Sai a 1980, bayan sojojin Amurka sun dawo daga Biyetnam da wannan hali, aka shigar da shi littafin cututtukan ƙwaƙwalwa da sunan da yake da shi yanzu. Mu ma nan mun gani. Ina yarinya akwai wani tsoho a unguwarmu cikin waɗanda suka je yaƙin Bama, in aka yi tsawa sai ya shige ƙarƙashin gadon ƙarfe, yara muna dariya muna cewa ya taɓu. Allah ya yafe mana. Bayansu waɗanda suka je Laberiya a 1990 da Saliyo sun dawo da nasu, yanzu ga na Borno da na dazukan nan namu.

Na biyun shi ne sabon, kuma shi ne aka fi mantawa da shi in mai ciwon soja ne. Sunansa OCD a bakin likita, a namu bakin ciwon waswasi. Ƙafa biyu gare shi. Akwai tunanin da ke kutsowa: anya na kulle, anya na wanke gwiwar hannu, anya hannuna ba najasa. Akwai kuma aikin da mutum ke yi don ya kashe wutar tunanin: dubawa, wankewa, ƙirgawa, tambaya. In ya yi sai ya ji sanyi na ɗan lokaci, daga nan shakkar ta dawo da ƙarfinta. Kamar susar ƙazuwa ne, daɗi a lokacin, ƙari daga baya. Kusan mutum biyu cikin ɗari sukan gamu da shi a rayuwarsu, kuma ɗaya daga ma'aunin likitoci shi ne in waɗannan abubuwa suna cinye wa mutum fiye da awa guda a rana. Buta uku a kowace sallah, ga get, ga omo, ke kin san ya wuce nan.

Haɗuwar biyun ba baƙon abu ba ne. Wani ɗan ƙaramin bincike da aka yi a Isra'ila aka wallafa a 2011, kan mutum 44 masu tabon firgicin yaƙi ko na harin ta'addanci, ya samu kusan huɗu cikin goma suna da ciwon waswasi a haɗe. Mutanen ba su da yawa, don haka ba a ɗora wannan adadi a kan kowane soja ba, amma ki kwatanta shi da biyu cikin ɗari na sauran jama'a.

Ga yadda nake fahimtar dalili a wurin maigidanki. Aikin soja gaba ɗayansa dubawa ne. A duba bindiga, a sake dubawa. A zagaya wuraren gadi cikin dare. A ƙirga yara kafin a tashi, a ƙirga bayan an dawo. A bakin daga wannan hali shi ke raba mutum da kabari, kuma wanda ya fi kowa yinsa shi ake yabo. Sai ga dare ɗaya, yaron da ya tura gadi bai dawo ba. Tun daga ranar akwai wata magana da ke cin zuciyarsa, ko bai taɓa furta miki ita ba: da na sake zagayawa sau ɗaya, da yana raye. Masana sun daɗe da lura cewa jin nauyin da ya wuce kima, wato mutum ya ɗauka duk abin da ya faru laifinsa ne in bai hana ba, yana cikin abin da ke hura wutar waswasi. To ga mutum an ɗora masa wannan nauyi da jini. In ya tsaya a get ɗinku ƙarfe biyun dare, rabinsa yana Sakkwato, rabinsa yana can wurin gadin.

Za ki ce, a jihar da mutanen Isa da Sabon Birni ke kwana da ido ɗaya, wa zai ga laifin mai duba ƙofa? Babu. Duba kwaɗo sau ɗaya hankali ne, ni ma ina yi. Ki lura da yadda yake dubawar ne. Wani dare zai ji motsi, ya zabura, ya ɗauki tocila yana haska lungu, yana leƙen kan katanga, zuciya na bugawa. Wannan firgici ne, yana neman maharin da ya taɓa zuwa. Wani daren kuma babu motsin komai, hannunsa na kan kwaɗon, idonsa na ganin a kulle yake, ya ja ya saki, ya ja ya saki, dole sai bakwai, in kika yi tari a na biyar ya koma ɗaya. Wannan waswasi ne, don ɓarawo bai san bakwai ba. Firgici yana maimaita abin da ya riga ya faru, waswasi yana biyan fansar abin da bai faru ba. Shi kansa in kika tambaye shi da rana tsaka zai ce miki ya san babu ma'ana, amma ya kasa bari. Wannan sanin da yake da shi yana cikin abin da ya raba halinsa da abin da mutane ke kira hauka.

Wanke hannun ma haka. Jinin yaron ya fita tun ranar da ruwan farko. Abin da ya rage ƙazanta ce da yake ji daga ciki, wadda tunawa kaɗai ke tayar da ita ba sai ya taɓa komai ba, kuma likitoci sun san irinta a wurin waɗanda suka ga tashin hankali. Omo ba ya kaiwa can. Kafin a je asibiti, ki ɗauke omon daga makewayi ki aje sabulu mai laushi, ki ba shi man kaɗanya ko basilin ya riƙa shafawa, don in hunturu ya same shi da hannu a tsage zai sha wuya.

Batun alwala kuwa, malamanmu sun riga likitoci. Duk wanda ya yi zaure a garin nan ya wuce ta kan wurin da Ahalari ya ce mai waswasi a sallah ya bar waswasin, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi ba'adi kawai. Risala ma ta yi maganar wanda shakka ta aure shi, ta ce ya kau da kai daga gare ta, babu gyara a kansa. Ga kuma hadisin mutumin da yake jin kamar alwalarsa ta karye a cikin sallah, aka ce kada ya fita sai ya ji ƙara ko ya ji wari. Wanki uku ne iyaka, abin da ya wuce nan ɓarna ce. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne wannan hukunci na kau da kai, kusan shi ne maganin da wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Victor Meyer, ya fara gwadawa a 1966, wanda har yau shi ne kan gaba wajen maganin wannan ciwo: a bar mutum ya fuskanci abin da ke tayar masa da shakka, a hana shi aikin da ya saba kashe ta da shi, ya zauna da zafin har ya sauka da kansa. Kuma yana sauka. Ku nemi malami mai fiƙihu da natsuwa, wanda maigidan ke jin nauyinsa, ya karanta masa wurin nan da bakinsa, ya yanke masa: buta ɗaya, wanki uku, ka shiga sahu ko zuciyarka na ihu. Sau ɗaya za a yi wannan fatawa. In ya koma yana zuwa wurin malam kullum yana tambayar ko sallarsa ta yi, to malam ya zama wani kwaɗon.

Wannan ya kawo ni kanki, kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. “Na tabbata ka kulle” da kike ce masa cikin dare, don tausayi kike yi, na sani. Amma ita ma susa ce. Duk amsar da kika ba shi tana sanyaya masa na minti goma, tana kuma koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa ba ta iya zama da shakka sai an lallashe ta. Haka ɗebo masa buta ta uku, haka barin wuƙaƙe a maƙwabta har abada, haka hana yara motsi in yana ƙirga. An yi nazari sosai a kan wannan, gidan da ya fi biye wa waswasi ciwon ya fi daɗewa a cikinsa. Ba laifinki ba ne, babu wanda ya taɓa gaya miki. Kuma ban ce ki yanke yau da dare ba, don in kika yi haka kwatsam faɗa za a yi. Ku zauna da rana, bayan ya ci abinci, ki ce masa: “Baban yara, na gane amsar da nake ba ka ba ta taimakonka. Daga yau mu kulle tare, ka ja sau ɗaya ina kallo. In ka tambaye ni zan amsa sau ɗaya. In ka sake, zan ce maka waswasin ne, in riƙe hannunka har ya lafa.” Zai yi gumi, zai ji haushinki, watakila ya tashi ya tafi get ɗin duk da haka. Kada ki tare ƙofa, kada ki yi gori. Wuƙaƙen kuma a bar su inda suke tukuna, likita ne zai faɗi ranar dawo da su bayan ya gan shi.

Ga dalilin da ya sa na nace sai da likita. A wurin wasu, waswasin murfi ne a kan tukunyar firgici. Muddin yana ƙirga bakwai, ba ya tuna fuskar yaron. Likitoci sun ga waɗanda da aka rage musu dube-duben sai mafarkai da tunanin yaƙin suka taso da ƙarfi. Shi ya sa ake son mai maganin ya san da duka biyun tun ranar farko, ya tsara wanda za a fara taɓawa ko a tafi da su tare. Kuma a nan ake yin kuskure. Da an ji tsohon soja ne, an ji Borno, an ji mafarki, hankali sai ya tafi kan firgici, a sa duba get cikin ɗararewar soja, a sallame shi. Shi kuma kunya ba za ta bar shi ya ambaci buta uku ba, balle tunanin wuƙa, yana tsoron a ɗaure shi ko a raba shi da ɗansa. Don haka ki raka shi. Kafin ranar, ki samu takarda ki yi mako guda kina rubutawa: sau nawa ya duba, minti nawa alwala ta ci, dare nawa ya firgita, me ya tayar da shi. Ki miƙa wa likita, ki ce masa a fili kina so a duba shi ta ɓangaren firgici da ta ɓangaren waswasi. Maganar wuƙa kuma ku faɗe ta yadda take, da kukan da ɓoyewar, likitan ƙwaƙwalwa ya sha jin irinta.

Wurin zuwa bai yi muku nisa ba. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Na san yadda sunan Kware yake a bakin mutanenmu, abin zolaya ne, kuma tsohon soja zai ce gara ya mutu da a gan shi can. In haka ne ku fara da asibitin koyarwa, inda mai ciwon suga da mai hawan jini duk ƙofa ɗaya suke shiga. Yawancin masu irin ciwonsa ba a kwantar da su, ganin likita suke su koma gida. Ya tafi da katinsa na kula da lafiyar tsofaffin sojoji, ya tambaya a asibitin barikin Giginya ko ofishin 'yan mazan jiya abin da katin ke ɗauka. In akwai wani abokin aikinsa da yake girmamawa, musamman wanda ya girme shi a muƙami, a sa shi a maganar. Soja yakan ji ta bakin soja abin da ba zai ji ta bakin matarsa ba, ba don raini ba, don yana ganin wancan ya taka inda ya taka.

Abin da za ku tarar: akwai rukunin magunguna, irin su satiralin, da ke aiki a kan ciwon biyu gaba ɗaya, wannan sa'a ce. Sai dai ba fanadol ba ne. Waswasi yakan buƙaci adadi mai ɗan yawa da haƙurin mako 8 zuwa 12 kafin a yanke ko ya yi aiki, kuma in an samu sauƙi akan ci gaba da sha shekara ko fiye, ba a yankewa rana ɗaya. Mutanenmu da yawa a mako na uku suke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. Kada ki saya masa a kemis da kanki. Kuma ki kiyaye shi daga ƙwayoyi irin su baliyam da tiramol da abokai ke miƙa wa juna, ba sa warkar da firgici, kama mutum suke su ƙara masa ciwo na uku. Bayan magani akwai zama da masanin halayya. Na firgici yakan kai zama goma sha wani abu, ana bin labarin daren nan daki-daki a wuri mai aminci har ya daina ƙuna kamar yau ya faru, ana kuma warware wannan hukunci da ya yanke wa kansa. Don a ƙarshe sai wani ya zauna da shi ya tambaye shi: kai ka harbi yaron? Da ba ka tura shi ba, ba wani za ka tura ba? Ku tambaya musamman ko akwai wanda ya iya maganin fuskantar shakka da hana maimaitawa, don hira kawai ba ta cika kashe waswasi ba.

Innarsa kuma kada ki yi jayayya da ita kan sammu, ba za ki ci ba, kuma uwa ce tana neman dalilin da zai wanke ɗanta. Ce mata addu'a tana nan, za a haɗa da asibiti, ai Annabi ya ce a nemi magani. Abin da ba za ki yarda da shi ba shi ne duka, ko mari, ko turaren da ke shaƙe mutum, ko a ce ya bar maganin likita. Ki kuma lura, in aka ba shi wanka bakwai da ƙulli bakwai da sharaɗin in ya kuskure ya sake, an ba mai ƙirga sabon abin ƙirgawa ne.

Yayanki tsoro ne ya sa shi magana, kuma yana da haƙƙin ya ji tsoro. A kan abin da kika rubuta, mutumin da bai taɓa ɗaga hannu ba, ban ga dalilin kwashe yara ba, kuma tafiyarku za ta tabbatar masa da abin da waswasin ke raɗa masa. In ɗaya daga alamomin da na lissafa a sama ta bayyana, ki tafi da su ba tare da neman iznin kowa ba, ki dawo ki yi jinya daga nesa. Ki gaya wa yayan naki haka, ki kuma ba shi aiki: shi zai kai ku asibiti ranar farko. Manyan yaran a gaya musu Baba ba shi da lafiya ne, ciwon da ya samo a wurin aiki, ana magani, don na tabbata sun daɗe suna jin ƙarar kwaɗon nan suna yin kamar barci suke. Ke kuma ki samu dare ɗaya ko biyu a mako ki kwana ɗakin yara, wani ƙaninsa ya kwana kusa da shi, a gaya wa ƙanin amsa ɗaya ce tak. In kun je wurin likita, bayan an gama da shi, ki ce a ba ki minti biyar ke ma, ki faɗi tun yaushe rabonki da barcin kirki.

Ki sake rubuto min bayan zuwanku na biyu, ki haɗo da takardar nan ta ƙirga, ina so in ga inda bakwai ɗin ta koma.

Gwaggonku